Dogo: Fashin Baƙin Kalmar da Ta Riga Ƙarfenta Zuwa Damagaram

Kakana, Allah ya jiƙansa, ya yi fataucin gyaɗa tsakanin ƙasar Magarya da Kano tun ana ɗora kaya a kan raƙuma da jakuna, kuma duk lokacin da yake ba mu labarin waɗannan tafiye-tafiye a zaurenmu na unguwar Birni, yakan ce, “Da muka isa wurin dogo, sai aka sauke, aka auna, aka biya mu.” Ina yaro na daɗe ina zaton Dogo wani attajiri ne mai tsawo da ke zaune a Kano yana sayen gyaɗa, har ranar da na tambaye shi, “Kaka, shi wannan Dogon, Bakano ne ko Balarabe?” Bai amsa mini da baki ba tukuna. Ya jawo karan dawa biyu masu tsawo ya shimfiɗa su a ƙasa a jere, ya kakkarya wani karan ya gitta gutattakin a ƙarƙashinsu, sannan ya ɗora gwangwanin madara a kai ya tura shi da yatsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya ce, “Ka gani, jikana? Wannan da ke kwance a ƙasa shi ne dogo, wannan da ke tafiya a bisa shi ne jirgi.”

Wannan bambanci da tsohon ya nuna mini da kara da gwangwani shi ne nake jin yana rikicewa a bakin jama'a a yau. Tun da aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, kalmar ta yawaita a gidajen rediyo da kuma fada inda samari ke dafa shayi, amma sau da yawa sai ka ji an ce “dogon layi” a inda ake nufin “layin dogo”, ko kuma a ce “dogo zai riƙa tasowa daga Kano”, alhali dogo ba ya tasowa daga ko'ina, a kwance yake, jirgi ne ke tashi. Ban ga laifin matasanmu ba, domin mafi yawansu ba su taɓa taka wannan ƙarfe da ƙafarsu ba. Amma kalmar tamu ce, mun gaje ta, kuma ta cancanci a san yadda aka gina ta.

Asalin “dogo” sifa ce da kowa ya sani: dogo ga namiji, doguwa ga mace, dogaye ga jam'i. Idan sifa ta zo gaban suna, sai ta ɗauki harafin haɗi, kamar yadda muke cewa dogon mutum, doguwar riga, dogayen bishiyoyi, ko kuma sunan garin Dogon Dutsi da na itacen dogon yaro. Idan kuwa ta biyo bayan sunan, babu harafin haɗi ko kaɗan: mutum dogo, riga doguwa. Da wannan ƙa'ida za a ga cewa muna da gini uku masu kama da juna a kunne, amma biyu ne kawai ma'anarsu ɗaya. “Dogon layi” da “layi dogo” duka suna nufin layi mai tsawo, irin wanda ake yi a gidan mai ranar da fetur ya yi wuya, ko a bakin famfo lokacin bazara. “Layin dogo” kuwa daban yake, domin harafin haɗin ya koma jikin “layi”, wato dogo a nan ya tashi daga sifa ya zama suna mai cin gashin kansa, kamar yadda ake cewa layin waya ko layin maƙera.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce “hanyar dogo”. Hanya kalma ce ta mace, kuma da a ce dogo yana siffanta ta ne, da tilas a ce doguwar hanya ko hanya doguwa, domin Bahaushe ba ya haɗa sunan mace da sifar namiji ko da a magagin barci. Tunda aka ce hanyar dogo kuma kunnen kowa ya karɓa, to, ma'anarta ita ce hanyar wani abu da ake kira dogo. Mutum zai iya cewa, ba tare da ya maimaita kansa ba, “Doguwar hanyar dogo ce ta haɗa Kano da Legas,” ko ya ce, “Gajeren layin dogo ne ya shiga cikin masana'antar.” Gajeren dogo ba saɓani ba ne a Hausa, domin sunan ya riga ya rabu da asalinsa. Akwai ma wani ɗan bambanci da rubutun boko ba ya nunawa, wanda da na lura da shi ina yaro da ban yi wa kakana waccan tambaya ba: idan laƙabin mutum ne, wasalin ƙarshe na Dogo gajere ne, kamar yadda Hausa ke yi wa yawancin sunayen da ta samo daga kalmomin yau da kullum, amma idan ƙarfen jirgi ake nufi, ana jan wasalin ƙarshen kamar yadda ake jan sa a sifar.

Mayar da sifa suna tsohuwar ɗabi'ar harshenmu ce. Kalmar “baƙi” launi ce, amma da malamai suka dubi tawada a kan allo sai suka kira harafin kansa baƙi, jam'insa baƙaƙe, har aka sami “fashin baƙi”, wato buɗe ma'anar abin da aka rubuta. Haka “tsoho” da “tsohuwa” suka zama sunan mahaifi da mahaifiya a bakin ƴaƴansu, haka kuma masu bori suke cewa “Doguwa” don su kauce wa ambaton sunan iskar da suke tsoro. A ganina, mutanen da suka fara ganin wannan ƙarfe sun bi hanyar da kakanninsu suka saba bi ne: sun dubi abin da ya fi komai fitowa fili a jikinsa suka sa masa suna da shi. Maƙerin ƙasar Hausa ya san ƙarfe a matsayin abin da ake samu da wahala, a narka tama a fitar da ɗan dunƙule, a ƙera fartanya ko wuƙa. Sai ga shi an wayi gari an kwantar da ƙarfe a ƙasa, sanda biyu a jere, ka duba gabas ba ka ga ƙarshensa ba, ka duba yamma ba ka ga ƙarshensa ba. Wanda ya ga haka ba ya bukatar a ba shi aron suna daga wani harshe.

Shi ya sa nake ganin kalmar ta fi takwarorinta armashi. Faransanci ya kira abin “hanyar ƙarfe”, wato ya dubi abin da aka yi shi da shi, Hausa kuwa ta dubi tsawonsa. Sauran kalmomin da ke kewaye da shi yawancinsu aro ne daga Turancin Ingilishi, kuma ta Kano suka shigo mana: layi, tasha, tarago, reluwe. “Jirgi” kaɗai ce tsohuwar kalma, wadda asalinta kwale-kwalen ruwa ne, aka faɗaɗa ta ta zama jirgin ruwa da jirgin ƙasa da jirgin sama. Kowace daga cikin waɗannan tana da gurbinta. Reluwe a bakin Hausawan Najeriya ya fi karkata ga hukumar da ma'aikatanta da gidajensu, shi ya sa ake cewa ma'aikacin reluwe ko unguwar reluwe. Tasha wurin tsayawa ce, tarago ɗaki ɗaya ne daga jerin da kan jirgi ke ja, dogo kuwa shi ne ƙarfen da ke ƙasa. “Titin jirgi” ma ana faɗa, kuma ba kuskure ba ne, sai dai yana iya rikicewa da titin da jirgin sama ke sauka a kai, irin wanda muke da shi a filin jirgin Zinder. Dogo ba ya rikicewa da komai.

Kalmomin aikatau da ke tafiya da shi su ma suna koyar da yadda abin yake. Ana gina gada, ana haƙa rijiya, ana zuba gudro a hanyar mota, amma dogo shimfiɗa shi ake yi kamar tabarma. Jirgi yana hawa dogo, yana bin dogo, kuma idan hatsari ya faru sai a ce ya goce ko ya sauka daga kan dogo. Mai tafiya a ƙasa yana tsallake dogo, mai talla yana zama a bakin dogo, har wannan ya zama sunan wuri, kamar kasuwar Bakin Dogo da ke Kaduna. A garuruwan da ya ratsa, dogo yakan zama iyaka da ake kwatance da ita, a ce gidan wane yana tsallaken dogo, kamar yadda mu a nan muke kwatance da ganuwar Birni ko Kasuwar Dole.

Abin da kakana ya kwatanta da kara daidai yake da yadda ake shimfiɗa shi har gobe. Ana fara daidaita ƙasa a daddaɓe ta, a zuba tsakuwa mai kaifi da kauri, domin ta riƙe nauyi ta kuma bar ruwan sama ya tsiyaye. A kan tsakuwar ake jera matasan kai na dogo, wato ginshiƙan da ke kwance a gitte, waɗanda a da na katako ne ko na ƙarfe, yanzu kuma yawanci na kankare, sannan a ɗaure sandunan ƙarfe biyu a kansu yadda tazarar da ke tsakaninsu ba za ta ƙaru ko ta ragu ba. Ƙafar jirgi ita ma ta ƙarfe ce, tana da leɓe ta ciki wanda ke hana ta zamewa, saboda haka direban jirgi ba shi da sitiyari, dogo ne ke yi masa jagora, kuma idan ana son ya canza hanya, ƙarfen ake karkatarwa a mahaɗa. Da yake ƙarfe a kan ƙarfe ba ya cijewa kamar roba a kan gudro, kan jirgi ɗaya yana iya jan kayan da manyan motoci masu yawa za su ɗauka, da mai kaɗan idan aka kwatanta. Wannan santsin kuma shi ne ke sa jirgi ba ya iya tsayawa nan take ko da direba ya hango mutum ko garke a gabansa, kuma shi ne ke hana shi hawan tudu mai tsauri, sai dai a kewaya da dogon ko a fasa tudun. Mu da muke zaune cikin duwatsu da zafin watan Afrilu muna da ƙarin abin lura, domin ƙarfe yana miƙewa idan ya sha rana: sandar da tsawonta ya kai kilomita ɗaya, idan zafinta ya ƙaru da digiri 30, takan ƙara tsawon kusan santimita 35. Saboda haka ne masu shimfiɗa tsohon dogo suke barin ɗan gibi tsakanin sanda da sanda, kuma wannan gibin ne ke ba da ƙarar nan ta ƙwas-ƙwas da duk wanda ya taɓa shiga tsohon jirgin Kano ya sani. A sabon dogo walda ake yi wa sandunan, a ɗaure su tam da matasan kankare don kada su lanƙwashe.

Yadda kalmar ta iso Damagaram ba tare da ƙarfen ba, wannan tarihin cinikinmu ne. Turawan Ingila sun fara shimfiɗa dogo daga Legas a ƙarshen ƙarni na 19, ya kai Ibadan a 1901, sannan aka ja wani daga Baro a bakin kogin Kwara wanda ya isa Kano a 1911. A wannan shekarar ce kuma Faransawa suka mayar da Zinder hedikwatar yankin Nijar, matsayin da ta riƙe har 1926 lokacin da aka koma Yamai. Kafin nan, arzikin garinmu yana kan ayarin Sahara ne, wanda ke tasowa daga Tarabulus ya biyo ta Gat da Agadas ya sauka a Zango kafin ya wuce Kano, yana kawo tufafi da takarda da sukari, yana komawa da fatu da gashin jimina. Wannan ciniki ne ya ƙarfafa daular Damagaram a zamanin Sarki Tanimu. Da dogo ya isa Kano, kayan da ke shafe watanni a bayan raƙumi suka koma shigowa ta teku su hau jirgi cikin kwanaki, kuma ayarin da ya riga ya fara rauni ya ƙarasa durƙushewa. Ƙarfen da ya tsaya kimanin kilomita 240 kudu da mu ya juya fuskar kasuwarmu daga arewa zuwa kudu.

Abin da ya ƙwace da hannun dama ya mayar da wani sashe da hannun hagu, domin dogo ne ya sa gyaɗa ta zama kayan kuɗi. Manoman Magarya da Matamaye da Kance suka shiga nomanta gadan-gadan, fatake irin kakana suna kai ta Kano, inda ake jera buhuna har su zama dala, kafin a loda su a tarago zuwa Legas. Da aka ja reshe zuwa Ƙaura Namoda a 1929 da wani zuwa Nguru a 1930, sai dogo ya ƙara matsowa kusa da iyaka ta yamma da ta gabas, mutanen Maraɗi suka sami nasu wurin sauke kaya, na Gure da Muniyo suka sami nasu. Faransawa ba su ji daɗin ganin gyaɗar ƙasar da suke mulka tana bin dogon Ingilishi ba, har a shekarun 1950 suka tsara jigilarta da manyan motoci zuwa Paraku a Dahomey, wato Benin ta yau, inda dogon da ya taso daga Kwatano ya ƙare. Amma harshe bai bi wannan tsari ba. Mun karɓi kamyo da gudro da lakwal daga Faransanci domin a hannun Faransawa muka gan su, jirgin ƙasa kuwa a Kano da Nguru iyayenmu suka gan shi, kuma da sunan da ƴan'uwansu na can suka raɗa masa suka dawo gida. Duk wanda yake son ya san inda jama'a ke kai kayansu, ya saurari kalmomin da suke dawowa da su.

Alkawarin kawo mana ƙarfen kansa ya girmi kowa da ke raye a yau. Tun a ƙarni na 19 Faransawa suke mafarkin ratsa Sahara da dogo daga Aljeriya, kuma ayarin Kanar Flatters da aka tura binciken hanyar ya hallaka a hamada a 1881. Gwamnatin Vichy ta Faransa ta farfaɗo da shirin a 1941, aka shimfiɗa wani sashe a arewacin hamadar, aikin ya tsaya can. Dogon Kwatano bai wuce Paraku ba, duk da cewa Nijar da Dahomey sun kafa hukumar haɗin gwiwa a kansa tun 1959. Sai a 2014 aka fara shimfiɗa dogo a cikin ƙasar Nijar, wanda kamfanin Bolloré ya ja daga Yamai zuwa Dosso, kimanin kilomita 140, aka yi bikin buɗe shi a Janairun 2016, amma ba a haɗa shi da Paraku ba, kuma bai shiga jigilar yau da kullum ba. Wannan ma darasi ne na ma'anar kalmar, domin ya nuna a fili cewa ana iya samun dogo babu jirgi a kansa, kuma mai fassara labarai da ya ce “Nijar ta sami jirgin ƙasa” a inda ya kamata ya ce “an shimfiɗa dogo” ya faɗi abin da ya wuce abin da ya faru.

Akwai wuri ɗaya da kalmar ba ta wadatar ba, kuma a nan ne nake ganin masu aikin rediyo da malaman makaranta suna da aiki a gabansu. Sunan ya ɗauki tsawo, amma abin da ke yanke hukuncin ko jirgi zai wuce daga wannan ƙasa zuwa waccan shi ne faɗi, wato tazarar da ke tsakanin sandunan biyu. Tsohon dogon da Ingilishi suka shimfiɗa a Najeriya faɗinsa milimita 1067 ne. Na Kwatano zuwa Paraku da na Yamai zuwa Dosso mita ɗaya ne cif, wato milimita 1000. Sababbin layukan Najeriya, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021, faɗinsu milimita 1435 ne, kuma a kan wannan ma'aunin aka tsara na Kano zuwa Maraɗi. Bambancin da ke tsakanin na farko da na biyu bai kai faɗin tafin hannu ba, amma ya isa ya hana tarago wucewa, sai an sauke kaya an sake lodi. Saboda haka idan aka ce za a haɗa dogon Maraɗi da na Dosso wata rana, tambayar farko da ya kamata mai sauraro ya yi ita ce da wane faɗi, kuma ba zai iya yin ta ba idan a kunnensa duk dogo ɗaya ne. Ba ma bukatar sabuwar kalmar aro don wannan. Ya isa a riƙa cewa “faɗin dogo”, a ce dogo mai faɗin mita ɗaya, ko kuma matsattsen dogo da faffaɗan dogo, kamar yadda masaƙa suke bambanta ƙyalle da faɗinsa.

Layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangilarsa, tsawonsa kimanin kilomita 284 ne, kuma an tsara ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya kafin ya tsallaka iyaka. Ga mutumin Zinder, sunan da ya fi jan hankali a wannan jeri shi ne Daura, domin hanyar motar da ke bi ta Matamaye can take faɗawa, kuma ta fi Kano kusa da mu ƙwarai. Idan aikin ya kammala, ɗan kasuwar da ke fitar da wake ko fatu ko dabbobi daga Damagaram zai sake yin irin tafiyar da kakana ya yi, da kamyo a maimakon raƙumi, ya kai kaya wurin dogo a sauke a auna, sai dai wannan karon tafiyar ba za ta kai shi har Kano ba.